Makarar Balan

Ranar da aka kai Zulfa, makara ta karye.

Ba a wannan maganar a Balan. Idan aka tuna rasuwar matar Malam Kabo, sai a ce ai an yi ruwa sosai a shekarar, ko a ce jana'izarta ta tara jama'a har daga Kademi. Duk gaskiya ne. Abin da ba a faɗa shi ne, ana dab da shiga maƙabarta, daidai kwarin nan da ruwa yake kwanciya, hannun makarar na wajen kai ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara, ya rabu biyu. Ashe gara ta cinye cikinsa tun tuni, ta bar bayan katako yana yaudarar mutane. Gawar ta sulluɓo. An kai hannu, amma sai da kafaɗarta ta taɓa taɓo. Haka aka ƙarasa da ita a hannu, da baƙin tabo a jikin farin likkafani, kowa yana salati da ƙarfi don kada ya haɗa ido da mijinta. Matar da ko bakin zanenta ba ta yarda ya ja ƙasa.

Bayan sadakar uku aka yi karo-karo, wani kafinta a Ajingi ya ƙera sabuwa: dogayen sanduna biyu, katakai a gicciye, noti na ƙarfe a kusurwoyi, sannan aka ɗaure gaɓoɓin da igiyar rama. Aka kawo ta a saman mota, aka yaba, aka jingine ta a ɗan ɗakin da ke jikin masallaci tare da diga da shebur, daidai inda ta farkon ta ruɓe. Kowa ya koma gida da zuciyar wanda ya sauke nauyi.

Ban da Malam Kabo. Tsohon malamin firamare ne, ya daɗe da sanin cewa magana a taro ba ta gyara ko ƙafar benci. Da bazara ta fara haɗa hadari sai ya je ya fito da makarar shi kaɗai, yana jan ta, ya shimfiɗe ta a rana gaban masallaci. Ya zauna da kwalba da tsumma.

Aikin ba nasa ba ne tun asali, na Zulfa ne. Ita ce duk shekara take tsince 'ya'yan darbejiya, ta shanya, ta daka, ta matse musu mai, ta bi turmi da taɓarya da akushi da ƙyauren ɗaki tana shafawa, ta bar su a rana su sha. Ɗacinsa yake korar gara. Abin ƙarfe kuwa, wuƙa da almakashi da allurar ɗinki, basilin take goga musu ta naɗe a tsumma, har damina ta wuce ba tsatsa. Suna sabon aure Kabo ya taɓa son ya nuna shi ma ya iya, ya shafe ƙotar fartanyarsa da man gyaɗa. Da safe aka tarar ɓeraye sun gwaigwaye ta kamar rake. Zulfa ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, ai sai ka zuba musu gishiri da yaji," ta ce. "Wa ya ce maka ana shafa wa itace abin da ake ci?"

Yanzu ba ta nan. Akwai dai rabin kwalbar man darbejiyarta, da robar basilin ɗinta, da sawun yatsunta a ciki har yanzu. Da su yake aikin. Ladan ya taɓa ba shi shawara ya nemo baƙin mai wajen masu gyaran babur, ya fi sauƙi. Kabo ya ce baƙin mai yana ɓata likkafani, shi kuwa ya ga likkafani mai tabo sau ɗaya, ya ishe shi. Ladan ya tuna yana da wani uzuri.

Bubayero ne kaɗai yake tsayawa a kansa. Maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya, Bafillacen da kakanninsa suka ajiye sanda suka kama noman gyaɗa, kuma tun suna yara ba sa gaisawa sai da zagi.

"Kaɗo, amarya kake yi wa kwalliya?"

"Ita ce amaryar da ba ta ƙin kowa, Ɗan Fillo. Har kai za ta ɗauka, da ƙarnin nonon naka."

"Allah ya tsare. Wannan warin fa? Ko gawa sai ta yi atishawa."

"Gara ma haka ta ce."

Abin da Bubayero bai sani ba, da sauran Balan, shi ne Kabo ya je asibiti a Gaya tun kafin shuka. Likita ya danna masa ciki, ya duba fararen idanunsa, ya aike shi hoto, sannan ya yi masa magana a hankali irin wadda ake yi wa wanda ba za a sake wahalarwa ba. Hanta ce. Kabo ya gode, ya hau mota ya dawo. Bai gaya wa ɗansa Hafizu da ke aiki a Kano ba, bai gaya wa liman ba. Ya riga ya ɗanɗana tausayin mutanen Balan sau ɗaya, har yau bai fita a bakinsa ba. Mutuwar ba ta dame shi ba, ya yi karatun da zai san ba a roƙon ta afuwa. Abu ɗaya yake so: a kai shi ramin nan ba tare da ya taɓa ƙasa a hanya ba. Ya san damina za ta kai shi, ya kuma san kwarin nan yana cika a damina.

Saboda haka duk lokacin da rana ta buɗe bayan ruwa, sai ya fito da makarar. Ya kankare duk inda ya ga alamar ginin gara, ya bi katakon da tsumma gaɓa gaɓa, ya cusa man a tsagogi da tsinken kara, ya jiƙa igiyar. Sannan ya lakato basilin da ɗan yatsa ya murza a kan kowane noti har ya yi sheƙi. Yakan haɗa da bakin diga da shebur, tunda su ma ba su da kowa.

Karo na farko da ya fito da ita, kafin mako ya zagayo Yusuf mai faskare ya rasu. Yusuf ya haura tamanin, ya shekara yana tari. Karo na biyu zazzaɓi ya ɗauke wata yarinya a unguwar gabas. A damina, a Balan, ko tabarma ka shanya a rana, kafin Juma'a sai an yi rashi. Amma tabarma ba ta da hannu huɗu. Mata suka fara lissafi a bakin rijiya. Aka ce makara ba a taɓa ta sai da dalili, in ka gyara ta kuwa ka nuna mata kana jira, ita ma sai ta nema. Yara suka daina bi ta gaban masallaci in ya zauna. Wata mata da yake koya wa 'ya'yanta karatu shekarun baya ta hango shi tafe, ta juya ta shige wani zaure da ba nata ba.

A wannan daminar ce Umaima, 'yar Bubayero, ta dawo gida goyon ciki. Cikin fari ne, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, unguwarzoma tana zuwa tana fita tana taɓe baki. Ƙofar gidan Bubayero tana kallon masallaci. Duk leƙowar da Falmata, uwar yarinyar, za ta yi, sai ta ga makara shimfiɗe a rana tana ƙyalli, da tsoho a durƙushe yana shafa ta kamar mai kiwon doki.

Wata safiya Bubayero ya zo ya tsaya a kansa bai zage shi ba. Kabo ya ɗaga kai.

"Lafiya, Ɗan Fillo? Ko shanun da ba ka da su ne suka ɓata?"

"Malam Kabo," in ji Bubayero. Rabon da ya kira shi da sunansa tun ranar Zulfa. "Don Allah ka mayar da abin nan ɗaki."

"Bai sha rana ba tukuna."

"Falmata ba ta barci. Yarinyar nan jiya ta tambaye ni wa ake gyara wa."

"Sai ka ce mata katako ake gyara wa."

"Na san camfi ne. Wallahi na sani. Amma 'yata ce." Ya waiga ƙofar gidansa. "Ka bari ta sauka, in ya so ka shafe masallacin gaba ɗaya."

Maganar tana bakin Kabo. Kalma biyu ce kawai, ni ne. Ya dubi fuskar abokinsa, ya ga idan ya faɗa, kafin azahar garin zai ce ga shi nan, ta kira mai shafa ta. Zai mutu ya bar musu hujja. Ya tsoma tsumman a kwalba ya ci gaba.

"In ba a shafa ba gara za ta shiga," ya ce. "Ka ga abin da ta yi."

"Na gani. Ni ne a hannun hagu ranar."

Bubayero ya juya ya tafi, ba gida ba, wajen liman.

Liman, Malam Sharfaddeen, mutum ne mai ilimi kuma mai son zaman lafiya, in abu biyun suka yi karo kuwa ya san wanda zai zaɓa. Bayan la'asar ya riƙe Kabo a masallaci. Ya ce camfi haramun ne, zai ma yi huɗuba a kai. Ya ce ajali ba ya jiran mai ko tsumma. Sannan ya ce amma fa, Malam, tayar da hankalin maƙwabci shi ma ba ƙaramin abu ba ne, a ɗan jinkirta.

"Allah gafarta Malam, gara tana sauraron huɗuba?" in ji Kabo.

Liman ya yi murmushi. Washegari aka ga sabon kwaɗo a ƙofar ɗan ɗakin, makullin a aljihunsa.

Ba a daɗe ba Umaima ta sauka lafiya, ta haifi namiji ƙato. Aka yi guɗa har ta tsallaka katanga. Kabo ya yi murna, da gaske ya yi, ya kuma san an gama da shi. Ranar suna, ana rabon goro, ya ji wani a bayansa yana cewa ka gani, tunda aka kulle abin nan ko kaza ba ta mutu ba. Huɗubar camfi ba a yi ta ba. Liman ya ce lokaci bai yi ba.

Ruwa ya zauna. Gero ya yi kai, gyaɗa ta rufe ƙasa, bangon masallaci ya jiƙe har rabi. Kabo ya fara ramewa ta sama yana kumbura ta ƙasa, mutane suka ce kewar matarsa ce. Kullum in ya fito sallah sai ya ratse ta ƙofar ɗan ɗakin. Kwaɗon ya fara ja da tsatsa. Wata asuba da gari ya waye ya ga abin da yake jira: siririn gini na jar ƙasa, kamar jijiya a bayan hannun tsoho, ya taso daga gindin bango ya bi dokin ƙofa ya shige ciki. Ya murje shi da sanda. Fararen ƙwarin suka watse. Kashegari sun sake ginawa, ya fi na jiya kauri.

Ya koma wajen liman. Liman ya ce a bari a yi arba'in ɗin mai jego, Falmata har yanzu tana tsorace. Kabo ya lissafa a ransa, ya ga ba lallai ne yana da arba'in ba.

Daga nan ƙafa ta ƙi. Ya kwanta a zaurensa, inda iska take shiga. Hafizu ya yi waya ya ce zai zo ƙarshen wata. Falmata tana aiko da kunu, Bubayero yana kawowa, yana zama a bakin tabarma yana ba shi labarin jariri. Ranar da ya ga Kabo ya kasa ɗaga ludayi, ya ga kuma launin idanunsa a hasken ƙofa, sai ya katse labarin.

"Kaɗo, mene ne wannan?"

"Hanta. Tun kafin shuka aka gaya mini."

"Tun kafin..." Bubayero ya dafe kai. Ba wawa ba ne, gyaɗa kawai yake nomawa. "La'ilaha illallahu. Kanka kake shafa wa."

"Ba na so in sha taɓo, Ɗan Fillo. Shi ke nan abin da na roƙa a duniyar nan, kuma ban roƙi kowa ba, da hannuna nake yi."

Bubayero ya yi kuka irin na tsofaffi, ba sauti, sai gemu yana rawa. Ya rantse shi zai yi aikin. Zai karɓi makulli ya ce diga zai ara. Kabo ya nuna masa inda kwalbar take, da robar basilin. Ya yi masa bayani kamar yadda yake yi wa 'yan aji uku: a kankare ginin gara, na kwalba a katako da igiya, na roba a ƙarfe, a bar ta ta sha rana. Bubayero yana ta gyaɗa kai yana share ido. Kabo ya koyar shekaru da yawa, ya san irin wannan gyaɗa kan. Amma ba shi da wani ɗalibin.

Kwanaki suka wuce bai tambaya ba. Ya samu barci a karon farko tun da aka sa kwaɗo.

Wata la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, Bubayero ya shigo da fara'a, ya zauna, ya kama hannunsa. Kabo ya ji ƙanshi. Ƙanshi mai daɗi, irin na gidan da ake suyar ƙuli-ƙuli. Daga hannun Bubayero yake fitowa, da hannun rigarsa.

"An gama, Kaɗo. Sau biyu ma na yi. Yau na ƙara mata na ƙarshe."

"Da me?"

"To, ka san na buɗe kwalbar nan taka a tsakar gida, Falmata ta ce wallahi ba za a kai maƙwabcinta da wannan wari ba, kamar wanda ba shi da kowa. Ta tashi ta soya gyaɗa, ta matse sabon mai da hannunta, da ciwon bayan nan nata. Galan guda, Kaɗo! Ko a bikin Umaima ba ta yi irinsa ba. Na zuba mata har tana ɗiga. Igiyar nan ta sha ta ƙoshi."

Kabo ya rufe ido.

"Ka fitar da ita rana?"

"Haba, a gan ni? A ciki na yi, na turo ƙofa. Ginin garar na kankare wanda na gani, wajen da duhu." Ya laluba aljihu ya fito da robar basilin ya ajiye a gefen matashi. "Wannan kuwa na buɗe na ga sawun yatsun marigayiya, na kasa. Ƙarfen ma man gyaɗar na zuba masa. Ai mai mai ne."

Daga nesa aka yi tsawa. Kabo yana jin dariyar Zulfa, sarai, kamar tana bayan ƙyaure.

"Da ka koma yau, me ka gani a ƙasa?"

"Ba komai. Kiyashi ne suka yi layi. Sai ɗan kashin ɓera, na share." Bubayero ya sosa ƙeya. "Sun ɗan taɓa igiyar ta gefe ɗaya, kaɗan dai. Za ta riƙe."

"Wane gefe?"

"Wajen kai."

"Makullin fa?"

"Na mayar. Liman ya ce kada in sake, ladan ya ji ƙanshi, an fara magana." Ya dubi fuskar Kabo, fara'ar ta fara zamewa. "Ko ban yi daidai ba?"

Kabo ya dube shi. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, ya shiga ɗaki mai duhu ya durƙusa gaban abin da yake tsoro, ya shafe shi da mafi kyawun abin da gidansa ya mallaka. Man ya riga ya shiga igiya, ba ruwan da zai fitar da shi. Ɓerayen masallaci kuwa ba sa jiran arba'in.

"Ka yi daidai, Ɗan Fillo. Ka gode mini wa Falmata."

Bubayero ya sauke ajiyar zuciya.

"Saura abu ɗaya. Ranar, kai za ka tsaya wajen kai."

"Kai Kaɗo, daina wannan magana."

"Ka saurara. Kada ka ba kowa wurin, ko an ce a karɓe ka. Hannu ɗaya a katako, ɗayan ka sa shi a ƙarƙashin kafaɗata. A jikina, ba a makara ba. In kun zo kwarin nan ku rage sauri. In ka ji ƙara, kada ka tsaya duba daga ina ta fito."

"Wace ƙara kuma? Sabuwa ce fa, ga mai ta sha."

"Ka ce ka ji."

"Na ji."

"Maimaita."

Bubayero ya maimaita, kamar yaro a gaban allo. Sannan ya miƙe ya ce bari ya je ya kwashe shanya kafin ruwa ya sauko.

Kabo ya jawo robar ya buɗe. Saura ɗan kaɗan a gindi. Ya daɗe yana kallon sawun yatsun nan uku, sannan ya sa nasa a kai ya lakace duka, ya murza a tafin hannunsa da ya bushe. A waje ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo, irin wanda yake kwana yana yi. Ta ƙofar zaure yana hango ɗan ɗakin da kwaɗonsa. Wani abu mai dogon wutsiya ya gudo daga cikin ruwan, ya bi gindin bango, ya shige ta ƙarƙashin ƙofar.